Shinkafar da Ta Jure Kanwa

Gonarmu ta noman rani tana ƙasan madatsar Tiga, akwai kuma wani gefe nata da kanwa ta cinye. Ruwan da muke ba ta shi ya janyo gishirin ƙasa sama, wurin ya yi fari fat, ko ciyawa ba ta yarda ta tsiro. Baba ya haƙura da shi, ya bar wa wani makiyayi abokinsa daga wajen Doguwa, duk rani ya kawo shanunsa su lashi kanwa, su bar mana taki.

Sai malamin gona ya zo da wata shinkafa a ƙullin leda. Ya ce masu bincike sun gyara ƙwayar halittarta don ta jure gishiri, ana neman mugun wuri a gwada. Na ce in mugun wuri ake nema, ai an zo gida. Muka shuka, ta fito kore shar. Baba da ba ya yabon kowa, sai ga shi a tsugune yana shafa ganyenta. Ba shi da buri sai ta kai girbi, ya ga gonarsa ta dawo.

Mu duka babu wanda ya tuna da shanu. Su kuwa ba su manta hanya ba. Wata rana da hantsi muna gyaran kwalbati sai muka hango su sun karya shinge, sun nufi kanwarsu, suna tattake shukar suna fizga.

"Kora su! Shuka ce!" Baba ya kwarma ihu.

"Shuka a nan, Malam? Tun yaushe?" in ji makiyayin, yana gudu a bayansu.

Baba bai saurare shi ba. Ya ɗaga adda ya sari babban bijimin a agara. Bijimin ya zube yana kururuwa, jini na tsartuwa a kan farar ƙasa. Baba ya sake ɗaga addar, sai sandar makiyayin ta sauka a wuyan hannunsa na dama. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Idona ya rufe. Na haɗa kan mutumin da bakin kwalbati, na danna fuskarsa cikin laka ina duka, har maƙwabta suka ɓanɓare ni. Haƙoransa na gaba a wurin ya bar su. Bijimin kuwa a take aka yanka shi don kada ya yi mushe.

Dagaci ya sasanta, amma makiyayin bai ƙara biyowa ta garinmu ba. Har yau abin yana ƙona mini rai, don mutumin kirki ne.

Ragowar shinkafar ta nuna, ni kaɗai na yanke ta, hannun Baba ya shanye duk da ɗorin da aka yi masa. Ranar da Inna ta dafa ta aka kai masa, ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya juya wa jikokinsa baya, ya sa hannun hagu.