Tabon da Ke Kan Faifan Yaya Mani

Kakar gyaɗar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar wana Usman, wanda duk Jibiya ta sani da Mani Mai Garmaho. Ni ne autan gidanmu. Karatun bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, don haka masu karatu su yi mini afuwa in alƙalamina ya yi tuntuɓe.

Yaya Mani gyaran keke yake yi a wata rumfa bakin hanyar Maraɗi, dab da inda ake tsai da fatake a duba kayansu. Amma duk abin da ke da ƙarfe a jikinsa wurinsa ake kawowa: tocila, risho, agogo. Kuma ba ya gyara a shiru. Mai tocila sai ya sha wa'azi a kan ya riƙa cire batir da rana, don in ya daɗe a ciki yakan yi ruwa ya cinye ta. Mai risho a ce masa ya tace kananzir da tsumma. Wanda ya zo shawarar sayen sabon abu kuwa, sai ya ce masa ya fara tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Katsina, in babu to ya haƙura, araha ba ta ado.

Garmahon, wato akwatin kiɗa mai faifai, a hannun wani direba ya same shi, daga ƙasar Faransi ta can ƙetaren iyaka. Bayan la'asar yakan ɗora shi kan akwati ya murɗa hannunsa, masu jakuna da masu raƙuma su kewaye rumfar. Har wani ma'aikacin duwan, wato kwastan na can ƙetare, yakan tako da ƙafa, yana yi masa ba'a wai kiɗansa na ƙetare iyaka ba takarda, wata rana sai ya kama shi.

Ka'idodinsa a kan garmaho ba su da yawa. Kada faifai ya ga rana. Kada a murɗa hannun har ya cije. Babbar ita ce ta allura: in ta ci fuska ɗaya ta faifai, a jefar da ita a sa sabuwa. Na taɓa ce masa wannan almubazzaranci ne, ga allura da sauran tsininta. Ya ce, "Auta, allurar da ta gaji ba waƙa take ba, noma take. Faifan naka take huɗa."

Akwai faifan wani mai garaya da ya fi so. Wata rana yana cikin aza allura, jakin wani bafatake ya bangaji shikashikin rumfar, hannun Yaya ya goce ya yi wa faifan tabo. Tun daga ran nan, in kiɗa ya kawo wurin sai ka ji ƙas, allura ta maƙale tana maimaita abu guda. Sai ya sa ɗan ƙaramin yatsansa ya tura ta, ya ce, "Wuce malama, nan ba iyaka ba ce." Mutane har jiran wurin suke yi don su yi dariya.

Da Allah ya karɓi abinsa bayan gajeren ciwo, garmahon ya dawo hannuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ban riƙe amanar ba. Na ji daɗin a ce ga mai garmaho ya iso. Na ɗaure shi a bayan keke ina yawon biki da suna, yau Magama gobe Riko, cikin tsakar rana, har wasu fayafayan suka lanƙwashe. Da allurai suka ƙare, ƙyuya ta hana ni zuwa Katsina. Sai na riƙa wasa tsofaffin a dutsen wanzami, ina ganin na yi dabara. Ba rashin sani ba ne, an gaya mini. Sannu a hankali waƙoƙin suka nutse cikin wata shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Da na farga, faifan mai garayar kaɗai ya saura, shi ma muryarsa ta yi nisa.

Yanzu zamani ya juya. Wani Alhaji mai kanti ya kawo akwatin rediyo, jama'a duk sun koma ƙofarsa suna jin labarin mulkin kai. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan abu. Na san bayan akwatin zai fara buɗewa. Zai yi musu faɗa su ɗora batirin kan katako, su daina barinsa a ƙasa mai laima, su kuma kashe shi in an tafi salla. Zai so shi, ban yi shakka ba. Amma ina jin zai ce rediyo shi ke zaɓar maka abin da za ka ji, kuma in ya wuce ba ya dawowa.

Faifan nan na daɗe ban taɓa shi ba, don na san kowane juyi yana rage abin da ya saura. Bana dai na hau motar gyaɗa zuwa Katsina neman sababbin allurai. Sai da wani mai kanti a can ya shiga ciki ya yi ta bincike, don an daina tambayarsu.

Ranar da shekarar ta cika, bayan na yi sadaka, na share rumfar na ɗora garmahon a inda ya saba. Ba wanda ya tsaya. Garayar da ƙyar nake jin ta, mawaƙin kamar yana cikin rijiya. Can sai na ji ƙas, tar da ita kamar ranar da aka yi ta. Duk abin da masu faifan suka zuba a ciki na cinye shi da hannuna, abin da hannun Yaya ya bari ne kaɗai bai gushe ba.

Na sa ɗan yatsa na tura allurar, na faɗi maganarsa. Babu wanda ya yi dariya. Da fuskar ta ƙare na zare allurar na jefar, yadda ya ce. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya. Autanka ya ji magana, sai dai ya makara.