Barau Gafasa da Kunun Gayyar Alhaji Bubayero

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Mayun 2024, Allah ya karɓi ran ƙanena Barau, mawaƙin noma, wanda duniya ta sani da Barau Gafasa. Ya cika a cikin mota a kan hanyar asibiti a Gaya, kansa a cinyata. Ƙwaya ce ta yi ajalinsa. Na faɗa da bakina tun daga farko don kada wani ya zaci ya tona mana asiri.

Barau, ni ne Yusuf, ɗan baffanka, mai yi maka kiɗan ganga tun muryarka ba ta buɗe ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda 'yarka Naja'atu, wadda yaran makaranta suka fara kira 'yar ɗan ƙwaya tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Wata rana za ta girma ta karanta, kuma ina so ta san hannun da ya fara miƙa wa ubanta abin da ya kashe shi.

Kafin nan, ta san wane ne kai. Shekarar da mijin Hanne ta Toranke ya rasu, gonarta ta cika da ciyawa har ba a ganin gero. Ba ta da tuwon da za ta kira gayya da shi, wato taron samari masu noma wa mutum gona a rana ɗaya. Kai ka tashe ni da ganga, ka tsaya a bakin gonar kana ta wasa samari da sunayen iyayensu, har kunya ta sa kowa ya koma gida ya ɗauko fartanya. Kafin azahar an gama, ko ruwa ba ka sha a gidanta ba. Bayan ka yi suna, ana sa waƙarka a rediyo, ana ɗaukarka a mota zuwa Kano da Dutse, ba ka taɓa wuce tsoho a kan hanyar Balan ba ka tsaya ba. Muna yi maka tsiya cewa motarka ta fi ta haya lodi, kai kuwa dariya kawai kake yi.

Muna samari Alhaji Bubayero, mai babbar gonar nan ta gabashin Gafasa, ya kira gayya. Da rana ta take aka kawo kunu a jarka, muka sha. Ranar nan mun yi noma kamar ba jikinmu ba, kai kuma ka yi waƙa har la'asar murya ba ta dushe ba. Daga baya Alhaji da kansa ya riƙa alfahari a kasuwa cewa kunun gayyarsa na daban ne, ƙwayar hana gajiya yake narkawa a ciki. Mutane suka yi dariya, suka ce Alhaji ya iya dabara, wasu masu gona ma suka kwaikwaya. Cikinmu akwai waɗanda Allah ya tsallakar. Kai ba ka tsallake ba, domin kowa ya ji muryar ranar nan, kuma ita kowane mai biki yake so. Masu kamfen suna jefa maka kwalaben kayan maye a mota don kada ka gaji a kan dandamali. Ba wanda ya kira ka ɗan ƙwaya a lokacin, Sarkin Waƙa suke cewa.

Ka yi yaƙi da ita, ni shaida ne. Da ƙafarka ka kai kanka gidan gyaran hali, ka dawo kana bin majalisun samari kana roƙonsu kada su fara. Ranar da jikinka ke rawa a zaurenmu ka ce mini, "Yaya, ban taɓa zuwa nemanta ba. A cikin ƙoƙon kunu ta same ni."

Ga yadda suka saka maka. Kafin a gama wankanka, hoton bidiyon da aka ɗauke ka kana tangaɗi ya gama wayoyin Gaya da Ajingi. Waɗanda suka yi rawa da waƙarka a bikin 'ya'yansu su ne ke rubuta cewa ƙarshen ɗan ƙwaya ke nan. Kowa ya zama mai wa'azi da gawarka. Sahun jana'izarka bai kai na gayyar Hanne ba. Allah ya saka wa liman, Malam Abdulmuttalib, da ya ce musulmi ne ya rasu, kuma ya shige gaba. Alhaji Bubayero kuwa yana zaune a ƙofar gidansa da carbi, yana gaya wa majalisarsa cewa shi ba ya sallatar mashayi.

Da ya tsaya a nan, da wataƙila na haɗiye. Amma ranar sadakar uku, yadda aka saba maƙwabta su aiko da abinci gidan makoki, sai ga jarkar kunu daga gidan Alhaji, don kada a ce bai yi zumunci ba. Mahaifiyarka, Inna Hure, ta tashi ta sa hijabi, ta ce in ɗauko jarkar in biyo ta. Muka ratsa gari a ƙafa, masu zaman makoki suna bin mu da ido. A gaban majalisar Alhaji ta buɗe murfin, ta tuttular da kunun a ƙasa har ya gangara ƙarƙashin tabarmarsa.

Ta ce, "Alhaji, ga kununka. Ɗana ya sha sau ɗaya, ya ishe mu."

Duk wanda ke wurin ya san kunun da take nufi.

Ni ba ni da haƙurin da ake so a ga mai makoki da shi, kuma ba zan ara ba. Damina ta kusa, Alhaji. Gangata ba za ta ƙara shiga gonarka ba, kuma duk gonar da na tsaya zan fara da gaya wa samari abin da ka zuba mana. Ban yafe ba, Inna Hure ba ta yafe ba. Allah ya isa tsakaninmu da kai, da duk wanda ya miƙa wa Barau kwalba da dama ya nuna gawarsa da hagu. Allah ya tsayar da ku gabansa ranar da ba majalisar da za ta yi muku dariya.

Kai kuwa Barau, Allah ya dubi gonar Hanne da tsofaffin hanyar Balan, ya dubi yaƙin da ka yi, ya yafe maka abin da ya fi ƙarfinka. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hure, da matarka Kadijatu, da dangi na Gafasa da Toranke. Ke kuma Naja'atu, duk wanda ya sake kiran ki da sunan nan, ki tambaye shi wa ya dama kunun.