Gwajin Rediyo a Gonar Danchuwa

Na'urori uku ne a kan teburina, kwana bakwai aka ba ni in yanke shawara, mutum ɗaya kuma ke jiran abin da zan ce. Mutumin wani dattijo ne, dillalin shanu, ya fi shekara goma sha biyar yana sayen rediyo a shagona da ke kusa da Kasuwar Shanu. Ba ya gwada kaya. In na ce yana kamawa sai ya ɗauka, makiyayan da ke bin sa su ma su ɗauka. Duk ranar da na sayar masa da abin banza, rabin cinikina ya tafi.

Bukatarsa ɗaya ce. Akwai tashar garinsu can hayin iyaka, a matsakaicin zango, da ke sanar da rasuwa da labarin kasuwa da yarensu. Tun da ya tare a sabon gida ba ya jin komai sai ƙara.

Ana nan sai mai kawo mini kaya daga Kano ya zo da sabon abu: rediyo marar maɓalli, marar sifika, wadda ake maƙala wa kwamfuta, tashoshi su fito a allo kamar zare masu haske. Ɗaya ƙarama kamar filas ɗin kwamfuta, ɗaya kamar kwalin ashana, ta ukun a gidan ƙarfe, ita ce mai tsada. A motarsa, a bakin hanyar Damagum bayan magariba, ya kunna mini mai tsadar, sai ga tashar raɗau. Na lura wayarsa na ajiye kusa da kwamfutar. Raina ya ba ni da data ake jawo muryar nan.

Na dawo shago na haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Duk ukun ƙugi kawai suke. Na kira shi.

"Mutumin Kano, ka mai da mu ƙauyawa ko?"

"Haba maigida, kashe solarka ka gani."

"Yau kuma laifin rana ne?"

"Wallahi inbatarka ce, da cajojin nan da ka jera."

Na katse. Ban taɓa ganin mai kawo kaya da ya ce laifin kayansa ne ba.

Washegari dattijon ya zo, na gaya masa ina zargin an shirya mini wasa. Ya yi dariya har yana riƙe sandarsa. "Kai ɗan nan, mu in an kawo bijimi ba ma dubansa inda mai shi ya tsayar da shi. Fili muke fitar da shi, mu sa ya yi tafiya."

Da yamma na ɗauke shi zuwa gonata a Danchuwa, inda babu fal ɗin wuta ko ɗaya. Wayoyinmu na kashe na kulle a mota. Na ɗaura doguwar wayar tagulla a reshen darbejiya ta zama eriya. A ƙasan jaka kuma na sako tsohuwar rediyona mai batir, ban gaya wa kowa ba.

Muka yi magariba, muka fara. Ƙaramar ta ba ni kunya: wata tashar kusa mai ƙarfi ta riƙa fitowa a wurare uku, ta danne komai. Ta tsakiyar ta kamo tashar, tana zuwa tana dushewa. Mai tsadar ta raba ta da wata tashar Larabci da ke shiga cikinta, murya ta fito tsaf. Dattijon ya cire hula ya matso da kunne. Babu data, babu wasa. Mutumin Kano ya faɗi gaskiya, ban kuma ji daɗin hakan ba.

Sai na fito da tsohuwar rediyon, na juya ta a hankali har gefenta ya dace. Ga tashar. Ba ta kai mai tsadar tsabta ba, amma kowace kalma ana ji.

"Baba, sola nawa ke gidanka?"

"Biyu. Yara sun ƙara ta firji."

Nan na gane rediyonsa lafiya lau take. Mai tsadar ma, in ya kai ta gidan, ƙugin da ta yi a shagona za ta yi, ga shi bai taɓa riƙe kwamfuta ba.

"Kada ka sayi ko ɗaya, Baba. Lokacin labarai ka sa a kashe inbata."

"To kai me za ka ci?"

"Zan ci a batir."

Na mayar da ƙaramar da mai tsadar Kano, na kira mai kayan na ce inbatar ce, ban ƙara ko kalma ba. Ta tsakiyar na riƙe wa kaina, har yau babu wanda ya taya. Ribar mai tsada ta wuce ni, man mota ya tafi, ga na'ura kwance a durowa. Dattijon kuwa, ranar kasuwa ta gaba, ya turo mini makiyaya huɗu, kowanne ya ɗauki rediyo mai batir bai gwada ba.