Sunaye Goma Sha Biyu na Badaru Mai Walda

Filin da ake buga ƙwallon kwando a Tudun Marke ba don wasa aka yi shi ba. Daɓen siminti ne da manoman shinkafa suka haɗu suka yi don shanya, a bayan injin casa, tafiyar minti ashirin a babur daga Bagwai. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba shinkafa ce a kwance a kansa. Sauran watannin na Badaru mai walda ne da 'yan wasansa.

Badaru yana da shekara arba'in da huɗu. A makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ya koyi wasan. Da ya gama bai ci gaba da karatu ba, ya dawo gida ya koyi walda, kuma har yau ita ce sana'arsa: ƙofofi, tagogi, garmar shanu, gyaran injin ban ruwa. Shi ya lanƙwasa rodi ya yi zobba biyu, ya yanko falangen ƙarfe ya kafa a bayansu a matsayin allo. Shekara ashirin ke nan. Ya sa wa ƙungiyar suna Zalɓen Marke, saboda dogayen ƙafafun yaran garin.

Da mutum biyu ya fara. Na farko Sabo, wanda kowa ke kira Dogo, manomin tumatir ne a bakin dam, kuma yayan Rahmatu matar Badaru. Na biyu Kallamu mai busasshen kifi, gajere kakkaura, wanda kakansa ya zo daga Borno ya zauna a garin. Ciwon gwiwa ya zaunar da Badaru tuntuni, ya koma koci. Su biyun suka ci gaba da bugawa har suka haura arba'in.

Zalɓe na cikin wata gasa ta ƙungiyoyi takwas da wasu 'yan kasuwa ke ɗaukar nauyi, ana ba kowane ɗan wasa ɗan alawus a kowane wasa. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe cire ta ake yi. Shekarar da ta gabata Zalɓe ta zo ta bakwai. Da aka kwashe shinkafa bara, aka aiko wa Badaru takardar rajista mai gurbi goma sha biyu. Yana da matasa goma sha ɗaya da suka isa shiga, ga kuma tsofaffi biyu. Dole ɗaya ya fita.

A teburin mai shayi an riga an yanke hukunci. Sabo ne ya fi kowa cin maki, kusan goma sha takwas a wasa, kuma shi mutane ke zuwa kallo. Kallamu in ya ci shida ya yi ƙoƙari. Wasu samari kuma suna cewa a sallami duka biyun a fara sabon gini.  Badaru ya ɗauki allin da yake zana ƙarfe da shi, ya tsaya a jikin bangon injin casa kwana uku ana atisaye.

Abu biyu ya ƙirga. Sau nawa yaro zai samu kansa a ƙarƙashin zobe babu mai tsaronsa, amma ya juya ya mayar wa Sabo ƙwallo: sau ashirin da uku. Sau nawa wani ya yi tsalle ya tare jifan Sabo: ko sau ɗaya babu. Kusan rabin layukan da ya ja a bangon na Abdulkabir ne, ɗan yayan Sabo, mai shekara ashirin, wanda ya fi baffan nasa tsawo da ɗan yatsa biyu.

Badaru ya kira shi gefe. "Kai da zobe babu kowa a tsakaninku. Me ya sa ka mayar?"

"Baffa ne ya ɗaga hannu."

"Kai ba ka da hannu?"

Abdulkabir ya sunkuyar da kai. "Koci, a gida in Baffa ya miƙo hannu, ko kwanon tuwona ne miƙa masa nake yi."

Sauran ma haka suke. Wannan ɗan ƙanwar Sabo ne, wancan a gonarsa ya koyi dashe, wani kuma Sabo ne ya yanka ragon sunansa. Babu wanda zai iya ture shi da kafaɗa.

Kallamu kuwa sau huɗu aka kayar da shi a kwana ukun. Yawancin gidajen Tudun Marke jinin Fulani ne, shi kuma Babarbare, akwai wasa a tsakani tun kaka da kakanni. Yaron da ba zai iya kallon idon Sabo ba shi ne zai fizge ƙwallo a hannun Kallamu yana cewa, "Baba, koma wajen kifinka, ƙuda sun yi yawa."

"Ɗan Fulani," in ji Kallamu daga ƙasa, "sanda ka gada, ba ƙwallo ba. Dawo ka sake in ga."

Sai yaron ya dawo ya sake. Duk dabarar tsaro da matasan suka iya, a jikin Kallamu suka koye ta.

Ranar Lahadi da safe Badaru ya faɗa wa Rahmatu abin da zai rubuta. Tana tuyar awara, ba ta ɗago ba.

"Baban Khairat, ka tuna wanda ya tsaya maka a wajen Baba lokacin da ya ce ba zai ba mai walda 'yarsa ba?"

"Na tuna."

"To, kar ya ji a bakin mai shayi. Ka je da ƙafarka."

Badaru ya sami Sabo a gona yana buɗe wa tumatir ruwa. Bayan gaisuwa ya faɗa masa kai tsaye cewa sunansa ba zai shiga takardar ba. Sabo ya dafa fartanya.

"Wa ya fi ni maki bara?"

"Babu."

"Kallamu fa?"

"Bai kai rabinka ba."

"To?"

"Dogo, rabin makin nan yaran ne suke ba ka. Muddin kana filin ba za su jefa ba. 'Yan wani gari kuma ba sa kunyarka, shi ya sa muka zo na bakwai."

Sabo ya dubi ruwan da ke bin kunya. Sannan ya ce, "Ka gaida Rahmatu," ya juya ya ci gaba da aiki.

Ranar Litinin Badaru ya kai takarda, sunan Kallamu a gurbi na goma sha biyu. Kafin mako ya zagayo, wata ƙungiya ta masu sayar da katako a Bacirawa, wadda ita ma take cikin gasar, ta ɗauki Sabo. Ya daina tsayawa a shagon walda. A masallaci sukan yi musabaha, iyakarta ke nan. Da bututun injinsa ya tsage, har Bagwai ya kai aka gyara.

Zalɓe ta sha kashi a wasa ukun farko. 'Yan kallo suka ragu. Wani dattijo ya tare Badaru a kasuwa ya tambaye shi ko hasken walda ne ya taɓa masa ido. Yaran suna jefawa yanzu, amma da yawa ba ya shiga, don ba su saba ba. Badaru ya ƙara musu atisayen safe kafin su tafi gona, bai canza kowa ba.

Wasa na huɗu da masu katako ne, a Tudun Marke, ranar Asabar bayan la'asar. Su ma ba su ci ko ɗaya ba, don haka wanda ya faɗi shi zai zauna a ƙasan tebur. Daɓen ya cika har kan buhunan dusa. Sabo ya shigo da jar riga, Zalɓe suna cikin fari.

Kafin hutun rabin lokaci Sabo ya ci maki goma sha huɗu. In ya nufo zobe, yaran sai su ɗan matsa, kamar yadda ake matsa wa babba a ƙofar zaure. Kallamu kaɗai ke shan gabansa, yana haki, yana cewa, "Tsoho, a hankali, ba ni da kuɗin ɗori."

Da aka dawo, ƙwallo ta bugi zobe ta faɗo, Abdulkabir ya cafke ta. Sabo yana kusa da shi, ya ɗaga hannu bisa sabo. Abdulkabir ya miƙa masa.

Filin ya fashe da dariya. Sabo ya tsaya da ƙwallo a hannu. Ya dubi farar rigar yaron, ya dubi tasa, sannan ya waiwaya wajen benci inda Badaru ke zaune. Badaru bai motsa ba. Sabo ya jefa, ta shiga. A hanyar komawa ya kama hannun Abdulkabir, waɗanda ke kusa suka ji abin da ya ce.

"Duba rigata. Nan ba gida ba ne. In ka sake matsa mini, da kaina zan kai ka gaban ubanka."

Yaron bai gyaru nan take ba. Sau biyu Abdulkabir ya yi tsalle rabi da rabi. Amma saura minti ɗaya, Zalɓe na gaba da maki biyu, Sabo ya juyo da irin jifan da ya shekara ashirin yana yi a wannan zoben, Abdulkabir ya tashi gaba ɗaya ya doke ƙwallon har ta faɗa cikin dusa. Aka tashi hamsin da ɗaya da arba'in da tara.

Da aka busa usur Abdulkabir bai bi 'yan murna ba. Ya je ya durƙusa a gaban baffansa. "Baffa, a yi haƙuri." Sabo ya ce masa ya tashi, mutane na kallo.

Washegari da hantsi Badaru yana haɗa ƙofa sai ga Sabo da bututun inji a kafaɗa. Gyaran Bagwai ya sake buɗewa. Ya ajiye, ya zauna a kan benci, ya jira har Badaru ya kashe wuta ya ɗaga tabarau.

"An ce ƙirgawa ka yi a bangon injin casa."

"Na yi."

"Nawa?"

"Ashirin da uku."

"Da na jiya ashirin da huɗu," in ji Sabo. Ya tura bututun da ƙafa. "Wannan kuma ka yi shi da kyau, jibi zan ba da ruwa."

Zalɓe ta gama gasar a ta shida, masu katako a ta bakwai, babu wadda aka cire a cikinsu. Sabo ya ƙarasa kakar a Bacirawa, ya ce ya gama. Yanzu yakan zo kallon atisaye, amma Badaru ya roƙe shi ya riƙa zama a bayan allon zobe, inda yaran ba za su gan shi ba in za su jefa. A can yake zama, a kan buhu. Kallamu ya cika arba'in da uku, kuma ya ce sunansa na nan a takardar bana.