Lambatun Ƙofar Gidan Mani

Mani ba ya fitowa daga sallar asuba bai ɗaga kai ya dubi gabas ba, ko da rani ne. Mahauci ne a da, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Gidansa na ƙasa yana Mabera, a gangare, lambatu na bin gindin katangar.

Can sama, bakin titi, Hashim mai shayi ke da tebur. Shi ne mijin Ikilima, 'yar farin Mani, wadda don kunya ko sunanta Mani ba ya faɗi. Tun da Hashim ya daina wanke kofi ya koma na roba, a sha a yar, ciniki ya buɗe. 'Yan kabu-kabu su kurɓe, su cilla, su tada babur. Kofunan su gangaro, su haɗu da leda, su toshe lambatun daidai ƙofar Mani.

Ya kwashe da manjagara da safe, kafin la'asar sun dawo. Ya zauna, ya tashi, ya shafa katanga, ya ji danshi.

"Malam, bakinka ciwo shika yi?" in ji matarsa Nana Hauwa. "Ka gaya mai mana. Ko sai ɗakin ga ya rufe mu?"

"Ke, a ce na hana ma yaron ga neman abinci?"

"To ka auri lambatun, tunda da shi kaɗai kaka iya magana."

Sau ɗaya Mani ya hau gangaren. Hashim ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, da kanka?"

Ya haɗa masa shayi mai kauri, a kofin roba. Mani ya jujjuya kofin, ya ce bana dai da alamar ruwa zai yi yawa. Hashim ya ce Allah shi sa albarka. Mani ya shanye, ya rasa inda zai aje kofin, ya cusa a aljihu.

Washegari ya sayo kofunan silba a kasuwa, don ya aika wa Hashim. Sai tunanin ɗan aike. Ikilima za ta ji nauyi. Nana Hauwa za ta ƙara gishiri.

Yana cikin wannan lissafi ruwan tsakiyar damina ya sauko da azahar, lambatu ya tumbatsa, katangar ta zauna. Ba wanda ya yi rauni. Hashim ne ya fara isowa da shebur, yana salati, yana faɗa da masu toshe hanyar ruwa.

Mani da Nana Hauwa suka koma Unguwar Rogo wajen ɗansu Badaru, can ya rasu da kaka. A ƙasan akwatinsa aka tarar da kofunan, naɗe cikin rawani, bai aika ba.