Bututu Mai Nauyi na Don Nicanor

Don Nicanor Bojórquez maƙwabcina ne a Las Higueras, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma gajera. Bulon ƙasa yake bugawa tun yana saurayi, rabin ɗakunan ƙauyen nan daga hannunsa suka fito. Yana da gonar wake a gindin tsauni, da matarsa Doña Altagracia, da wata tsohuwar ƙaramar bindiga mai lamba ashirin da biyu da ya gada wurin mahaifinsa. Ba mashayi ba ne, ba mafaɗaci ba. Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, Wenceslao Tapia mai kanti. Wenceslao ne ya riƙe 'yar Don Nicanor ranar baftisma, shi ya sa kompadre suke ce wa juna, ko da haƙora a cije.

Kowace shekara ranar bikin San Isidro, waliyyin manoma, mukan sauka busasshen rafi mu yi harbin ƙarfe. A jera kaji, aladun daji, talotalo, can nesa kuma raguna, duk na ƙarfe, mutum ya harba a tsaye ba tare da ya jingina da komai ba. Na ɗaya ya tafi da maraƙi. Na biyu kuwa ya cire malafarsa, ya ɗauki bindigar na ɗaya a kan hannuwa biyu a miƙe, kamar mai kai faranti, ya hau da ita tudu har ƙofar coci. Ba a ɗora ta a kafaɗa, ba a ajiye ta a ƙasa. Mai bindiga ke zaɓen hanya.

A da, Don Nicanor ke zaɓen hanya. Sai wata shekara Wenceslao ya ari bindigar, wai zai kashe dilan da ke masa ɓarnar kaji. Ta dawo bakinta da ɗan lotsi, ɗan kaɗan, sai ka sa farce za ka ji. Daga ranar, in ta yi gaskiya sau huɗu, na biyar sai ta yi ƙarya.

"Faɗuwa ta yi, kompadre," in ji Wenceslao. "Ai kai ma kana faɗuwa."

Tun daga shekarar Wenceslao ke cin maraƙi, Don Nicanor ke ɗaukar bindiga. Kuma Wenceslao bai taɓa bin gajeriyar hanya ba. Sai ya bi da shi ta gaban kantinsa, ya tsaya ya sha ruwa, ya gaisa da kowa. Shekarar da surukan Don Nicanor suka zo daga garin Ures neman auren 'yarsa, a gabansu Wenceslao ya tsayar da shi.

"Ku ga kompadrena," ya ce. "Babu jakin da ya kai shi haƙuri, ga shi ba ya cin ciyawa."

Wannan maganar na ji ta a bakin Don Nicanor ta kan katanga ya fi a ƙirga. Ba ya ɗaga murya in yana faɗinta. Yakan maimaita ta ne a hankali, kamar mai wasa wuƙa.

Bara, bayan girbi, ya naɗe bindigar a bargo ya shiga mota zuwa birnin Hermosillo, wurin wani tsohon maƙerin bindiga. Da ya dawo ya kira ni ya ba ni labari. Maƙerin ya ce bututun bindigar, inda harsashi ke bi, ya tashi aiki, sai dai a sa sabo. Ya ɗora masa guda biyu a kan tebur, ɗaya siriri kamar na da, ɗaya mai kauri kamar ƙotar fartanya.

"Siririn na mai yawo ne," in ji maƙerin. "Ka wuni da shi a tsauni kana bin zomaye, ba za ka san kana riƙe da komai ba. Amma iska na kaɗa shi, in ya yi zafi kuma saitinsa na ɗan gocewa. Mai kaurin in ya tsaya ya tsaya, sai dai yana cin hannu. Shekarunka nawa, maigida?"

"Sittin da 'yan kai."

"Kafaɗar nan taka kuma na ga ba ka ɗaga ta sosai. Ɗauki siririn."

"Akwai wanda ya fi wannan nauyi?" Don Nicanor ya tambaya.

Maƙerin ya dube shi ta saman tabarau, ya shiga ciki, ya fito da wani da ya ce an yi shi ne don masu harbi a zaune, bindiga a kan buhun yashi. Shi Don Nicanor ya zaɓa. Mu a rafi ba mu da sikeli irin na gasar birni, abin da ka iya ɗagawa naka ne.

Ranar da bindigar ta dawo gida Doña Altagracia ta ɗaga ta da hannu biyu, ta mayar.

"Tsoho, bindiga ka sayo ko taɓarya? Da wannan za ka bi zomaye? Sun cinye mana wake tun yana fure."

"Ba don zomaye na saya ba."

"Na sani. Don kompadrenka ka saya. To in ka sake zuwa na biyu fa? Ka lalata kafaɗa a banza."

"In na zo na biyu, tasa zan ɗauka. In na zo na ɗaya, tsohuwa, wannan zai ɗauka."

Daga nan kullum da safe, kafin ya shiga ramin laka, sai in hango shi a tsakar gida ya ɗaga bindiga yana auna wani tabo a jikin katanga, ba harsashi a ciki. Da farko bakinta rawa yake kamar jelar kare. Zufa ta jiƙa masa riga, ya sauke, ya murza kafaɗa, ya sake ɗagawa. Na taɓa ce masa, "Don Nicanor, ko za ka huta?"

"Ɗana, ciyawa ce ban ci ba. Ka bar ni."

Ranar San Isidro aka tashi da iska. Wenceslao ya iso da sabuwar malafa da bindigarsa mai sheƙi. Da ya ga ta Don Nicanor ya fashe da dariya.

"Kompadre, bututun rijiyar wa ka ciro?"

"Riƙe ka ji."

"Allah ya kiyaye. Ni ba na ɗaukar kayan mutane."

"Haka ne," in ji Don Nicanor.

A kaji da aladu suka tafi kai ɗaya. A talotalo iska ta ƙaru, bindigar Wenceslao ta fara lilo, ya zubar da biyu, ta Don Nicanor kuwa kamar an dasa ta. Amma da aka zo raguna sai nauyin ya fara karɓar hakkinsa. Hannun Don Nicanor na hagu ya gaji. Ya saɓa ɗaya, ya saɓa na biyu, Wenceslao ya kamo shi. Saura rago ɗaya ga kowa.

Wenceslao ya harba, ƙura ta tashi a gefen ragon. Don Nicanor ya ɗaga, ya sauke. Ya ɗaga, ya sake saukewa.

"A kawo masa kujera!" Wenceslao ya yi ihu. "Ko a kira Altagracia ta riƙe masa!"

A karo na uku bai tsaya dogon saiti ba. Bakin bindigar na sauka a kan ragon ya ja kunama. Muka ji ƙarar ƙarfe, ragon ya kwanta.

Don Nicanor bai ko kalli maraƙin ba. Ya cire harsashin da ya rage, ya tako har gaban Wenceslao.

"Malafa, kompadre."

Wenceslao ya cire. Da aka ɗora masa bindigar, hannuwansa suka nutsa ƙasa kafin ya tare.

Don Nicanor ya zaɓi hanyar maƙabarta, wadda ta zagaye ƙauyen duka. Ya tsaya a kabarin mahaifinsa ya yi addu'a ba gaggawa. Ya tsaya ƙofar gidan ungozoma ya tambayi lafiyar jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Wenceslao na bayansa, rana na dukan sanƙonsa, bindigar na jan hannuwansa ƙasa. A gaban kantin, inda mutane suka fi taruwa, Don Nicanor ya nemi ruwa, ya sha a hankali.

"Nicanor, don girman Allah," Wenceslao ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ka gaji? In ka ga za ta faɗi, ka faɗa mini. Na san hannunka da faɗuwar bindiga." Ya juya ga jama'a. "A kawo wa kompadrena ciyawa, shi yana ci."

Da suka isa coci sai da aka ɓamɓare yatsun Wenceslao daga jikin bindigar. Kwanaki matarsa ce ke auna wa mutane sukari a kanti.

Kafaɗar Don Nicanor ba ta koma daidai ba, yanzu surukinsa ke ɗaga masa bulo. Bindigar tana rataye a bango, ba ta taɓa zuwa gona ba, zomaye kuwa sun yi ƙiba. In Doña Altagracia ta zuba masa wake ɗan kaɗan takan ce ya ƙarasa da bututu. Shi dai kowace Lahadi yakan sauko da ita ya goge, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya leƙo ta kan katanga.

"Ɗana, ka ga fuskarsa a gaban kanti kuwa?"

Nakan ce na gani. Sai ya ce in sake ba shi labari.