Goggo Asabe da Makullin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Goggo Asabe a Gwallaga ya san ba ta kunna kwamfuta sai ta share mata fuska da bakin mayafi, ta ce, "Kin tashi lafiya?" Ƙanwar babana ce. Ta ƙare ƙuruciyarta tana buga tafireta a ofishin gwamnati, da ta yi ritaya sai ta kwaso tsofaffin kwamfutoci huɗu, ta sa musu Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, don kyauta ne, ta buɗe wurin buga takardu.

To, kun san halin Linux. Ka ce zai sabunta manhajoji, sai ya ce a'a, wani aiki ya riga ka riƙe makulli, ka jira. Mu matasa nan take ranmu ke ɓaci. Goggo kuwa sai ta jawo kwanon gyaɗarta.

"Da mutum a ciki," in ji ta. "In ka tarar da banɗaki a kulle, ɓalle ƙofar kake yi?"

Ni dai na ɓalle. Lokacin na gama difloma, kaina na hayaƙi. Ta shiga sallar azahar, na lallaɓa na goge ɗan fayil ɗin da shi ne makullin a cikin kwamfutar, alhali kwamfutar na tsakiyar sabunta kanta. Wayyo Allah! Na sake kunnawa, allo baƙi ƙirin. Ga katin auren 'yar Madam Ngozi mai shagon atamfa a ciki, ga biki jibi.

Goggo ta fito, ta dubi allo, ta dube ni.

"Sani, wa ya aike ka?"

"Goggo, haka aka ce a intanet."

"To, intanet ɗin ne zai tsaya gaban Madam Ngozi?"

Ta ɗaura tabarau, ta yi ta bin manhajojin da na bari rabi da rabi tana gyarawa, har la'asar sakaliya. Kati ya fito. Hukuncina kuwa, ni na ninke katunan duka, ni na kai, kuma da ƙafa.

Kada ku ɗauka tsoron makullin take yi. Wata rana aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, da aka dawo da ita makulli ya maƙale. Ta bincika ko akwai aikin da ke riƙe da shi, babu. Ta sake dubawa, babu. Sai ta ce, "Mai shi ya rasu, Allah ya jiƙansa," ta goge fayil ɗin.

Na yi tsalle. "Goggo, ai abin da na yi ke nan!"

"Ina! Kai mai rai ka binne."

Sai kuma wani darakta daga GRA da ya zo yana huci da kwamfutarsa ta hannu. Ya ce tun safe take yi masa zancen makulli, ya kashe ya kunna har hannunsa ya gaji. Goggo ta jona ta a wuta, ta miƙa masa gyaɗa, ta shiga tambayar mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, har da kakarsa ta ƙauye. Mutum na duban agogo, ita ko a jikinta. Can ta danna, aiki ya tafi sumul.

"Hajiya, me kika yi mata?"

"Ranka ya daɗe, kai na yi wa. Raba ka na yi da ita har ta gama aikinta, ta saki makullin."

Bara ta rasu, jinyar kwana biyar kacal. Ranar addu'ar uku mata suka cika tsakar gida, fiye da rabinsu ba mu san su ba. Ashe bayan na sami aiki na bar shagon, ita ta riƙa koya musu buga takarda kyauta. Wata ta kama hannun mahaifiyata tana kuka, ta ce da wannan sana'ar take ciyar da marayunta uku. Goggo ba ta taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

Allah ya jiƙanki, Goggo. Allah ya haskaka makwancinki, ya sa aljanna ce makomarki. Amin.